Gargaɗi ga masu neman jif ta hannu da ɗan kuɗi: ku shiga ƙarƙashinta kafin ku biya

Sau biyu aka ɗana mini tarko cikin wata uku. Na farko na tsallake shi, ba don wayona ba, don dai kuɗin bai zo hannuna a ranar ba. Na biyun kuwa na faɗa tsundum, ido biyu, bayan na zagaya motar sau uku ina harbin tayoyinta da ƙafa kamar wanda ya san abin da yake yi. Jama'a, duk wanda ke tara ɗan abin da ya samu don ya sayi mota mai giyar taimako, irin wadda tayoyinta huɗu ke ja, ya ba ni aron kunnensa.

Aikina yana kai ni hanyoyin da ba su san kwalta ba. Da rani rairayi, da damina taɓo. Ƙaramar mota ta gaji da ni, ni ma na gaji da ita. Matsalar ita ce irin waɗannan motocin ba sa yin araha don sun tsufa. Land Cruiser tun 1951 ake ƙera ta, Hilux tun 1968, kuma sunan da suka yi na juriya ya sa ko wadda ta shekara ashirin tana riƙe da darajarta. An daina ƙera tsohon samfurin Defender a 2016, Pajero kuma a 2021, waɗanda suka rage a hannun mutane sai ƙara nemansu ake yi. To mai ƙaramin ƙarfi ina zai dosa? Sai can gindin kasuwa, inda farashi ya fi sauka. A nan kuwa 'yan damfara suka shimfiɗa tabarmarsu, domin sun san wanda ya zo wurin ya riga ya ƙosa.

Na farkon a intanet na gan shi. Hotuna goma sha biyu, mota tsaf, kuɗinta bai fi rabin abin da irinta ke yi ba. Da na tuntuɓe shi sai ya ce shi soja ne, an yi masa canjin wurin aiki zuwa wata ƙasa, saura kwana huɗu ya tashi. Motar tana ajiye a hannun wani kamfanin jigila, in na tura kafin alƙalami za su kawo mini har ƙofar gida, in gwada ta kwana biyar, in ba ta yi mini ba a mayar mini da kuɗina. Har takarda ya turo mai tambari da sa hannu. Na ce ya jira ni kwana biyu, akwai wanda nake bi bashi. A cikin kwana biyun nan ƙanena ya ɗauki hoto ɗaya ya sa a manhajar binciken hoto ta Google, sai ga motar, da bangon da ke bayanta, a tallace-tallace uku cikin ƙasashe uku. A ɗaya sojan ya koma mace da mijinta ya rasu, wai ganin motar yana tayar mata da hankali.

Wannan ba sai na daɗe a kansa ba. Babu mota, babu kamfani, shafin kamfanin ma su suka ƙirƙire shi. Duk wanda ya ce ka biya ta katin kyauta na sayayya, ko kuɗin kirifto, ko wata hanyar aika kuɗi da ba a iya dawo da shi, kafin ka ɗora hannunka a kan bonet, cinikin biri a sama yake so ku yi. In kana son ka gwada shi, ce masa ya kira ka ta bidiyo yana tsaye gaban motar, ya tayar da ita, ya nuna maka lambar casis. Nan take sabis zai lalace.

Na biyun shi ne ya ci ni, kuma shi ya fi haɗari, domin motar tana nan, ana ganinta, tana tafiya.

Ya ce mu haɗu a wani filin ajiye motoci, ba a gidansa ba, kuma sai da rana ta kusa faɗuwa ya iso. Mutum ne mai fara'a, ga ladabi. An wanke motar har injin yana sheƙi. Na durƙusa na ɗan leƙa ƙasa, na ga komai baƙi ƙirin da sabon fenti, na ce a raina lallai wannan ya kula da abarsa. Muka hau kwalta, tana tafiya lafiya lau. Na ce ya sa mini taimako in gani. Ya ja ƙaramar sandar giya, fitila ta kama a dashbod, sannan ya mayar. Ya ce, "Maigida, ka ga tana shiga. Amma ba a tafiya da taimako a kan kwalta, yana kashe giya." Abin haushin, gaskiya ya faɗa. A motocin da ake sa wa taimako a cire, in ka kulle gaba da baya a kan busasshiyar kwalta, tayoyin ba sa samun damar zamewa a kwana, sai ƙarafan ciki su ɗaure. Da gaskiyar ya rufe mini baki. Ana cikin haka wayarsa ta yi ƙara sau biyu, wai wani mai saye ne yana hanya da kuɗi a hannu. Takardun kuma sunan wani ne a jiki, ya ce na wansa ne da ya yi tafiya. Na biya.

Kwana tara bayan nan na shiga taɓo. Na sa taimako, fitila ta kama, na taka totur. Tayoyin baya suna ta watsa laka, na gaba ko motsi. Da aka jawo ni zuwa gareji, bakanike ya kwanta ya shige ƙasa da tocila, ya yi shiru, can ya ce, "Maigida, sauko ka gani da idonka. Ina farfelar gaba?"

Babu ita. An kwance sandar da ke kai ƙarfin injin daga akwatin taimako zuwa aksul ɗin gaba, an ajiye. Da ya buɗe aksul ɗin sai ga haƙoran ciki a kakkarye, man da ya zubo kamar an kwaɓa shi da garin ƙarfe. Da an bar farfelar a jiki, da ƙarar da motar za ta yi ta tona asiri tun a mita ɗari na farko. Fitilar dashbod kuwa ba ruwanta da ko tayoyin gaba suna ja, ita dai ta ji an motsa giya. Wato jif na biya, abin da na samu kuwa wata ƙatuwar mota ce mai jan baya kaɗai, ga shan mai.

Bai tsaya nan ba. Ya ɗauki sukudireba ya soka a jikin casis kusa da inda sifirin na baya ya kama, sai ta shige kamar an soka a biskit. Baƙin fentin nan da ya burge ni, a kan tsatsa aka fesa shi. Na kira mai motar, waya a kashe. Har yau a kashe take.

A nan nake so ku tsaya da kyau, domin jif ba kamar ƙaramar mota ba ce. Yawancinsu bodin a ɗore yake kan wani firam na ƙarfe mai kama da tsani, wato casis, shi ke ɗauke da injin da giya da aksul. Bodi zai iya yin kyau kamar amarya alhali firam ɗin ya ruɓe daga ciki, domin laka da ruwa suna shiga cikin ramin ƙarfen su kwana. Motocin da suka fito daga ƙasashen da ake zuba gishiri a titi lokacin ƙanƙara sun fi kamuwa. Kada kuma wani ya ce maka ai kamfani kaza ba ya tsatsa. A 2016 Toyota ta amince da sulhun da ya kai kusan dala biliyan 3.4 a Amurka kan tsatsar firam a motoci kusan miliyan ɗaya da rabi, Tacoma da Tundra da Sequoia. Ƙarfe ƙarfe ne. Ka je da ƙaramar guduma da tocila, ka kwanta, ka bi firam ɗin kana bubbugawa. Mai lafiya ƙara yake yi tangararan, ruɓaɓɓe kuwa sai ka ji dum, yana zubar da ɓawo. Ka duba faci-facin walda, ka duba ko ƙarfen ya lanƙwashe. In mai motar ya ce kada a buga masa mota, ya gama ba ka amsa.

Sannan ka ƙirga farfela, biyu ne, ɗaya ta yi gaba ɗaya ta yi baya. Ka nemi fili mai ƙasa ko tsakuwa, ka sa taimako da hannunka. A ƙaramar giyar taimako dole motar ta koma rarrafe, injin yana ɗaga murya ita tana tafiyar hawainiya. Ka sa wani ya tsaya a waje ya ga ko tayoyin gaba suna tono ƙasa in ka tashi da ƙarfi. Da na yi wannan gwajin na minti biyar, da ban rubuta wannan ba.

Injin da ka tarar da ɗumi ma abin tambaya ne. Nawa ya zo da shi a ɗumame. Injin da ya gaji da safe yake faɗin gaskiya: wuyar tashi, ƙwanƙwasa, shuɗin hayaƙi in yana cin baƙin mai, farin hayaƙi mai kauri da ba ya yankewa in ruwa na shiga inda bai kamata ba. Ka ce a bar maka ita ta kwana ba a tayar ba, ka taɓa injin da hannu kafin a murza makulli. Ka buɗe murfin baƙin mai, in ka ga wani abu fari-fari kamar kirim a jiki, ka yi zargin gasket, wato shimfiɗar da ke hana ruwa da mai haɗuwa a cikin injin. Wankin injin kuma sau da yawa yoyo ake ɓoyewa da shi. Idan motar ta zamani ce, 'yar na'urar binciken lafiyar mota da ake soka wa a ƙarƙashin sitiyari, wadda aka wajabta wa motocin Amurka mazauninta tun 1996, tana iya nuna cewa ba a daɗe da goge bayanan matsala daga kwamfutar motar ba.

Akwai kuma waɗanda ruwa ya ci. Bayan guguwar Katrina a 2005 da ta Harvey a 2017, motoci dubbai ɗaruruwa ambaliya ta shanye a Amurka, wasu aka busar da su, aka sake musu takardu, suka shiga kasuwa har ƙetaren teku. Ita jif ma ba sai an yi ambaliya ba, mai ita na iya tsunduma ta a kogi don nishaɗi. Ka ɗaga kafet, ka jawo bel ɗin kujera har ƙarshensa ka ga ko akwai layin datti, ka leƙa ƙarafan ƙarƙashin kujera ko sun yi tsatsa, ka shinshina. Motar da aka cika ta da turare, wani wari ake dannewa.

Game da agogon kilomita kuwa, ni na daina yarda da shi. Hukumar kiyaye haɗurran hanya ta Amurka, NHTSA, ta ƙiyasta cewa motoci sama da 450,000 ake sayarwa duk shekara a ƙasar da lambar ƙarya, kuma na lantarki ya fi tsohon mai juyawa sauƙin taɓawa ga mai kwamfuta. Robar da ke kan birki da kuloci, da sitiyarin da ya yi sulɓi, da kujerar direba da ta lotsa, su ba su iya ƙarya ba. Taya ma tana da shekarunta a jiki: lambobi huɗu na ƙarshe bayan haruffan DOT da ke rubuce a gefenta, biyun farko mako, biyun ƙarshe shekara, wato 2318 na nufin mako na 23 a 2018.

Sai takardu, inda na fi jin kunyar kaina. Lambar casis ta ƙasa da ƙasa haruffa da lambobi 17 ce, kuma babu I, babu O, babu Q a ciki, don kada a rikita su da 1 da 0. Motocin da aka ƙera don kasuwar cikin gida ta Japan tasu ta fi gajarta, wannan ba laifi ba ne. Abin nema shi ne wadda ke takarda ta zama ita ce a gindin gilashin gaba ko jikin ƙofa, ita ce kuma aka buga a jikin firam. In wurin da aka buga ta ya sha gurza ko sabon fenti, ko kusoshin farantin sun bambanta, mai yiwuwa motar sata ce aka sa mata sunan wata. Ranar da aka gano, motar za a ɗauke, kai kuma ka yi ta bayani. Sunan da ke takarda ya dace da katin shaidar wanda ke karɓar kuɗinka, ku kuma haɗu a inda yake kwana. "Ta wana ce" da "ta matata ce" yaren dillalan ɓoye ne, masu sayen gawar mota su shafa mata hoda.

Na san abin da mai ƙaramin kuɗi zai ce, domin ni ma na faɗa: in na biya bakanike ya raka ni, na biya kuɗin binciken tarihin mota, me zai rage? Abin da na ƙi ba bakanike a ranar, na ba shi ninkinsa fiye da ashirin daga baya, kuma har yanzu aksul ɗin gaba yana jiran kayan gyara. Da zan sake, ba zan zuba duk abin da na tara a kan saye ba, zan ware kaso mai kauri na taya da mai da abin da zai ɓullo a watan farko, in nemi mota mai munin fenti da lafiyayyen ƙashi.

Na kai ƙara wurin 'yan sanda da hotunan tallan da lambar asusun da na tura kuɗi, na kuma sanar da shafin da ya yi tallan. Makon jiya ƙanena ya turo mini wani sabon talla: wata jif ce daban, lambar waya daban, suna daban, amma filin ajiye motocin shi ne dai, an ɗauki hoton dab da faɗuwar rana, ƙarƙashinta baƙi ƙirin yana sheƙi.