Zabibin Malaga ko na Vostizza?

Hajiya, tunda tsaraba ce za ki kai gida, na Malaga za ki saya, kada ki tsaya dogon tunani.

A Axarquía na fara cinsa, duwatsun nan da ke gabas da birnin Malaga a kudancin Sifen, suna kallon Bahar Rum. Watan Satumba ne. Gonakin a jikin gangare suke, tarakta ba ta hawa, alfadari ke sauko da inabin. Sai a shanya shi a rana kan wasu shimfiɗu masu gangara da suke kira paseros, ana juyawa da hannu, da dare a rufe saboda raɓa. Wata tsohuwa ta sa almakashi ta yanko min kaɗan. Manya ne, ga tsoka, ga ƙamshi kamar an zuba zuma, sai dai akwai ƙwallo a ciki. Kilo biyu na kai wa Inna, ta adana a kwalba har azumi, kullum da shi take buɗa baki tare da dabino.

Sunan irin inabin Moscatel de Alejandría. Mutanen tsibirin Pantelleria a Italiya kuwa Zibibbo suke ce masa, daga Larabcin da muka samo zabibi. Sunan zabibin Malaga mai rajista ne a Tarayyar Turai, hukuma ɗaya ke kula da sunan zabibin da na giyar Malaga, don da irin inabin ake yin ta. Kada wannan ya dame ki, zabibin busasshen inabi ne kawai. A 2017 FAO, hukumar abinci da noma ta Majalisar Ɗinkin Duniya, ta sa noman nan cikin kayan gadon noma na duniya.

Na Vostizza ma yana da rajista, daga yankin garin Aigio yake, bakin tekun Korint a Girka. Ƙanana ne baƙaƙe, ba ƙwallo, da ɗan tsami. Sau ɗaya na saya, na yi da-na-sani, a cikin kek ya ƙare.

Ki kula da masu shagunan 'yan yawon buɗe ido. Wasu sukan zuba zabibin ko'ina a kwali mai kyau, su rubuta Malaga, su ninka kuɗi. Ki duba hatimin Tarayyar Turai mai launin ja da ɗorawa, da rubutun Pasas de Málaga. In kin ga ƙanana ne ruwan zinare, ki ajiye musu kayansu.