Sharhi kan gwajin jijiyoyin jini da na yi a wata cibiya mai zaman kanta a Kano

Na haura shekara hamsin, kuma shanyewar ɓarin jiki ta taɓa kwantar da mahaifinmu, don haka na biya kuɗin gwajin jijiyoyin jini da wata cibiyar ɗaukar hoto ke tallatawa ga waɗanda ba su da wani ciwo. An umarce ni da in je ban karya ba, domin abinci da iskar hanji suna tare hoton ciki.

Aikin kansa ba shi da zafi. Ma'aikaciyar ta shafa mini wani mai mai sanyi a wuya, ta bi da na'urar sikanin a kan manyan jijiyoyin da ke kai jini ƙwaƙwalwa tana neman kitsen da ke taruwa a bangonsu, sannan ta auna faɗin babbar jijiyar ciki, wadda likitoci ke ɗauka ta kumbura idan ta kai santimita 3, ba kuma kasafai ake zancen tiyata ba sai ta kai wajen 5.5. Abin da ya fi burge ni shi ne gwajin ƙafa: an auna ƙarfin bugun jini a idon sawu da damtse aka kwatanta, domin idan sakamakon ya sauka zuwa 0.9 ko ƙasa da haka, alama ce ta cewa jinin ƙafa ba ya gudana yadda ya kamata. Duk waɗannan sun fito lafiya lau.

Inda na ga gazawa shi ne bayani. An miƙo mini takardar sakamako cike da lambobi, ba tare da wani likita ya zauna da ni ba, alhali a jikinta an rubuta awon jinina 152/96, wanda ya haura 140/90 da ake ɗauka a matsayin iyakar hawan jini. Likitana ne ya tsaya a kan wannan layin, ya sa aka maimaita awon a ranaku daban-daban kafin ya ɗora ni a kan magani. Binciken SIREN da aka gudanar a Najeriya da Gana ya nuna cewa hawan jini ne kan gaba cikin abubuwan da ke jawo shanyewar ɓarin jiki a yankinmu, kuma wannan awo ana yin sa a kowace ƙaramar asibiti da ɗan abin da bai taka kara ya karya ba.

Kwamitin ƙwararru na Amurka da ke ba da shawara kan rigakafin cututtuka ma bai yarda a riƙa yi wa mai lafiya hoton jijiyar wuya ba, saboda yana iya nuna toshewar da babu ita har a kai mutum ga tiyatar da ba ya bukata. Hoton jijiyar ciki kuwa ya ware shi ga maza masu shekara 65 zuwa 75 da suka taɓa shan taba. Cibiyar ba ta tambaye ni ko ɗaya daga cikin waɗannan ba kafin ta karɓi kuɗi, shi ya sa nake shawartar duk mai niyya da ya fara ganin likita, shi ya zaɓa masa gwajin da ya dace da shi.