Rufe tatu da fentin fatar roba: kirim ko kalar alkol?

Wata 'yar'uwa mai kwalliyar amare a Garwa ta kawo tambaya. An kawo mata amarya mai baƙin tatu a kafaɗa, ta shafa konsila har sau uku, amma kafin a tashi daga kamu leshi ya kwashe rabi, zanen ya leƙo. Mai kwalliyar tana kuma yi wa 'yan wasan kwaikwayo ciwon ƙarya da fatar roba. Kuɗin abu ɗaya ke hannunta: kirim mai kauri irin Dermacolor za ta saya, ko falet, wato faifan launuka, da ake jiƙawa da alkol?

'Yar'uwa, in aikin jiki ne, wato kafaɗa, baya, damtse, ƙafa, a zafinmu na nan, ta alkol ce. In fuska ce, kirim ya fi lafiya. Ga dalili.

Kirim irin Dermacolor na kamfanin Kryolan, ko Dermablend, launi ne da aka kwaɓa da mai da kaki. Ba ya bushewa da kansa, hoda ce ke riƙe shi, shi ya sa ake danna hodar da yawa a bar ta wajen minti 10 kafin a kakkaɓe. Yana jure ruwa gwargwado, amma ba ya jure guga. Zufa ta haɗu da gefen mayafi ko hannun riga, sai ya fara bin tufa. Ita kuwa kalar alkol, irin Skin Illustrator ko Reel Creations, busasshiya ce ƙam kamar dutse a cikin falet. Ruwa ba ya narkar da ita sam. Alkol ke tayar da ita, kuma da ya tashi sai ya bar wani siririn danƙo manne da fata, wanda zufa ba ta ɗagawa, farar shadda ma ba ta ɗauka in ya bushe sosai. Ba ta da kauri, ƙofofin gashin fata na nan a bayyane, ko da wayar mai hoto ta matso kusa.

Inda mutane da yawa ke asarar kuɗinsu shi ne alkol ɗin kansa. Falet na son wanda aka rubuta IPA 99% a jikin kwalba, wato alkol nau'in isopropyl. Na farmasi mai digiri 70, wato alkol kashi 70 cikin 100, kusan kashi ɗaya cikin uku ruwa ne: ki goga buroshi har ki gaji, launi kaɗan zai taso, ya yi dabbare-dabbare, ya ƙi bushewa, ki ɗauka jabun falet aka sayar miki. Mai digiri 95 ko 96 yana tayar da kala in an rasa yadda za a yi, sai dai bai kai na 99 ba. Kada ki kuskura ki ɗora alkol na kunna wuta a fatar mutum, galibi akwai metanol a ciki, guba ce. Haka ruwan da wasu masu gyaran waya ke zubawa a kwalbar da ba rubutu. In ba ki ga takardarsa ba, ki bar shi. Ki tabbatar kin samu alkol kafin ki sa a kawo miki falet daga Duwala ko Kano.

Ko wanne kika ɗauka, matakin farko ɗaya ne, kuma da alama shi aka tsallake a kan amaryar nan. Baƙin tatu a ƙarƙashin fata shuɗi-shuɗi yake, wani lokaci kore-kore. In kika ɗora launin fata kai tsaye, sai wurin ya koma toka-toka, ki yi ta ƙarawa yana daɗa kauri. Ruwan goro ke kashe shuɗi. Ga mai hasken fata, ruwan goro mai haske. Ga baƙar fata sosai, wanda ya karkata zuwa jar ƙasa. Da siririn buroshi za ki bi layin tawadar kaɗai, kada ki fita kan lafiyayyar fata, in ba haka ba kin sayo wani aikin na rufe jan da'ira. Ki kuma duba falet kafin ki biya: da yawa an haɗa su ne don farar fata, launukansu na da farin sinadari mai yawa da ke sa fatarmu ta yi fururu. Skin Illustrator na da falet na musamman don fata mai duhu, shi za ki nema.

Daga nan hanyoyin suka rabu. Da kirim, ki ɗumama shi a bayan hannu, ki danna da soso, hoda, ki ƙara wani siririn shafi, hoda. In kin yi kuskure, ki goge gefe ki gyara, yana da haƙuri. Kalar alkol ba ta da wannan haƙurin. Cikin daƙiƙa kaɗan take bushewa, balle a watan Afirilu da zafin Garwa da Marwa ke haura digiri 40, ko lokacin hunturu da iska ke bushe. Ki zuba alkol kaɗan, kamar cokali ɗaya, a ƙaramin kofi mai murfi, ki kwaɓa launi a murfin falet, ki taɓa buroshin a tishu ya rage jiƙa, sannan ki riƙa dangwalawa. Kada ki ja buroshi kamar mai fentin bango. Sabon alkol na narkar da shafin da ke ƙasa, ja ɗaya sai ki ga rami ya buɗe, baƙin ya dawo. Shafi biyu ko uku marasa kauri, kowanne ki ba shi kamar minti ɗaya ya bushe, kina faɗaɗa gefe kaɗan-kaɗan har ya ɓace cikin fata.

Abin da ke sa aikin ya zama fata ta gaske shi ne yayyafi. Fatar mutum ba launi ɗaya ba ce. Ki samu buroshin haƙori ko buroshin fenti mai tauri da aka datse gashinsa, ki tsoma a kala mai ruwa-ruwa, ki riƙe shi kamar taƙi ɗaya daga jiki, ki karce gashin da yatsa. Ɗigo-ɗigo ƙanana za su sauka: ɗaya mai duhu fiye da fatar, ɗaya mai ɗan ja, ɗaya mai haske, har su zarce kan fatar da ba tatu. Ki fara gwadawa a takarda, domin buroshin da ya jiƙe da yawa manyan ɗigo yake tofarwa. Kirim ba ya ba da wannan. Tatu mai faɗin tafin hannu, ki ware masa wajen rabin awa.

Yanzu ga maƙiyan kalar alkol, kuma duk suna cikin ɗakin amarya. Mai da turare ne ke cire ta. Amaryar da ta sha dilka, fatarta na ɗauke da mai, kalar ba za ta kama ba sai kin goge wurin da auduga da alkol. Wadda aka yi wa halawa jiya ko yau, alkol zai yi mata zafi kamar barkono, a bar kwana ɗaya ko biyu. Haka mai shafa man bilicin da fatarta ta yi siriri. Bayan an gama, humra ko turaren fesawa ya taɓa wurin, ya narke. Ki faɗa wa ƙawaye da bakinki. Sai kaskon turaren wuta: tururin wannan alkol na iya kamawa da wuta tun daga zafin digiri 12, saboda haka a fitar da garwashi, a buɗe taga. Kusa da ido, leɓe da hanci ma ba wurinta ba ne. Jarfar fuska irin ta matan Bororo, ko tabon dayis da ya ƙi fita, kirim da hoda sun wadatar. Tsaga ko tabon da ya kumbura kuwa, launi kawai za ki daidaita, tudu da kwari na nan. Sabon tatu kuma kada ki taɓa shi sai ya warke sarai, aƙalla mako 4 zuwa 6.

Akwai batun alwala. Dukansu biyu suna hana ruwa isa fata, ta alkol ta fi. A kafaɗa ko baya ba damuwa, amma a hannu, fuska ko ƙafa, a yi alwala tukuna, kuma a san cewa in ta karye sai an cire.

A kan fatar roba ne falet ke biyan kuɗinsa. Ana yin ta da silikon, soson leteks ko jelatin. Silikon ba ya shan komai, kirim zamewa yake a kansa, ya kuma kashe ɗan hasken da ke ratsa shi. Kalar alkol mai ruwa-ruwa, shafi bisa shafi, ita ke haɗa launin robar da na fatar ɗan wasa. Ki dai bincika da me aka lulluɓe silikon ɗin: in abin lulluɓin Baldiez ne, asiton ke narkar da shi, amma Super Baldiez alkol ke narkarwa, buroshi mai jiƙa sosai zai huda shi, don haka yayyafi ya fi dangwale. Soson leteks kuma yana tsotse kala, man da ke cikin kirim na yau da kullum yana ruɓar da shi. Sai an fara toshe shi da PAX, haɗin da mai kwalliyar fina-finai Dick Smith ya ƙirƙiro: gam ɗin Pros-Aide da fentin akirilik, kusan rabi da rabi, a bar shi ya bushe, a sa hoda domin yana danƙo, sannan kalar alkol a sama. PAX ɗin nan yana rufe tatu mai baƙi ƙirin a fata fiye da kirim da kalar alkol, amma a kan silikon ɓarewa yake. Jelatin kuwa, a ranar Marwa ko Njamena, zufa da zafi za su narkar da shi kafin a gama ɗaukar fage ɗaya.

Wajen cirewa, kirim na fita da mai da sabulu. Ta alkol, kada a dirje. A jiƙa auduga da man zaitun ko man jarirai, a ɗora minti biyu zuwa uku, a goge a hankali, abin da ya rage a bi shi da ɗan alkol, a wanke, a shafa man kaɗe domin fatar za ta bushe. Ki ba amarya ƙaramar kwalbar man da auduga ta tafi da su ɗakinta.