Inshorar Lafiya Mai Arha a Amurka: Ra'ayina Kan Tsarin Bronze

Da za a ce in ba inshorar lafiyar gidanmu maki, taurari biyu zan ba ta cikin biyar. Ɗaya saboda rigakafi da gwajin shekara da ake yi mana kyauta, ɗaya kuma saboda idan babbar jarrabawa ta zo, akwai iyakar abin da za a ce mu biya. Sauran ukun didaktibul ya cinye su, wato kuɗin da dole ka fara biya daga aljihunka kafin kamfanin ya sa ko sisi a maganinka.

A Greensboro nake zaune, a jihar Karolina ta Arewa. Kitso nake yi a shagona, maigidana kuma tasi yake ja, muna da yara biyu. Babu ɗayanmu da ke aiki a ƙarƙashin kamfanin da zai ɗauke masa inshora, don haka a kasuwar gwamnati ta intanet muke saye, wadda dokar Obamacare ta kafa. Shugaba Obama ya sa wa dokar hannu a watan Maris na 2010, inshorar kasuwar kuma ta fara aiki a Janairun 2014. An kasa tsare-tsaren gida huɗu: Bronze, Silver, Gold da Platinum. A lissafinsu, Bronze na ɗaukar kusan kashi 60 cikin 100 na kuɗin jinyar jama'ar da ke kansa, Silver 70, Gold 80, Platinum 90. Kada wannan 60 ɗin ta ruɗe ku. Matsakaicin lissafi ne na dubban mutane, har da waɗanda aka yi wa manyan tiyata. Mai ƙananan ciwuka yana iya ƙare shekara kamfanin bai biya masa komai ba.

Namu na 2025 dala 140 muke biya a wata bayan tallafin gwamnati. Didaktibul ɗin kowane mutum dala 7,500 ne, na gidan gaba ɗaya 15,000. Mun duba Silver. Akwai rangwame na musamman da ke sauke didaktibul ɗinsa sosai, amma sai ga wanda kuɗin shigarsa bai wuce ninki biyu da rabi na ma'aunin talaucin gwamnati ba, dala 78,000 ke nan ga iyali mai mutum huɗu a lissafin waccan shekarar. Mu mun ɗan haura da kaɗan. Silver ba rangwame ya fi ƙarfinmu ga haya, ga kuɗin mota, ga aike gida, sai muka tsaya a Bronze.

In faɗi alherinsa tukuna, don akwai shi. Allurar rigakafin yara ba mu biya ko kwabo ba. Gwajin kansar mama da aka yi mini, kyauta. A gwajin shekara ne aka gano sukarin maigidana ya fara hawa, aka tare shi da wuri da sauyin abinci da ƙwaya mai sauƙin kuɗi. Kuma doka ta hana kamfani ya kore shi ko ya ƙara masa farashi saboda wannan ciwo. Waɗanda suka riga mu zuwa ƙasar nan suna ba da labarin lokacin da mai ciwon suga ko hawan jini zai nemi inshora a ƙi sayar masa. Duk mai zagin Obamacare baki ɗaya, in dai yana da mai ciwo a gida, ya tuna da wannan.

Matsalar ta fara ne daga hannuna. Duk mai kitso ta san yadda yatsu ke yi idan an wuni ana kamun ƙananan kitso. Nawa sai suka fara mutuwa da dare, babban yatsa da biyun da ke kusa da shi, in farka ina yarfe hannu. Ranar gwajin shekara, likita ta tambaye ni ko akwai abin da ke damuna, na nuna mata wuyan hannun. Ta lanƙwasa shi, ta ɗan ƙwanƙwasa, ta rubuta mini ganin ƙwararren likitan jijiya. Bayan makonni sai ga bil na dala 160. Na kira na ce ai gwajin shekara kyauta ne. Aka ce haka ne, amma tunda na kawo sabon ƙorafi a cikinsa, an raba ganin gida biyu, rabi rigakafi, rabi jinya. Ita ce fa ta tambaye ni. Yanzu matan da ke zuwa shagona har gargaɗin juna suke yi cewa ranar gwajin shekara a kama baki, kuma wannan abin tsoro ne, a ce mace tana gaban likita tana ɓoye ciwonta.

Neman likitan jijiyar ma aiki ne. Kamfanin yana da jerin likitocin da ya ƙulla yarjejeniya da su, wanda ya fita daga jerin ya ɗauki nauyin kansa. Na bi jerin ina kira. Wani ofis ya ce sun daina karɓar wannan inshora, wani ya ce likitan ya bar garin tun bara, wani ya ce babu gurbi sai bayan watanni. Layin wayar kamfanin kuwa sai ka ajiye wayar a kan tebur tana kiɗa, ka ci gaba da aikinka. Na taɓa neman tafinta na Hausa don maƙwabciyata 'yar Damagaram da ba ta jin Turanci sosai, aka ce sai dai na Faransanci, da shi muka lallaɓa.

Da aka yi gwajin jijiyar, takardar bayani ta zo daga kamfanin, an rubuta a samanta cewa wannan ba bil ba ne. Tana gabana yanzu. Layi na farko, abin da asibiti ya nema: dala 1,900. Layi na biyu, ragin da kamfani ya samo ta yarjejeniya: dala 1,080. Layi na uku, abin da kamfani ya biya: sifili. Layi na ƙarshe, abin da ke kaina: dala 820. Ragin nan gaskiya amfani ne, ban raina shi ba, wanda ba shi da kati da shi za a nemi 1,900 ɗin. Amma na daɗe ina kallon sifilin nan, ina lissafa abin da muka zuba tun Janairu. Abin ya zama kamar adashen da kike zubi duk wata, amma ba ki da ranar kwasa sai ranar da masifa ta faɗo miki.

Abin da ya sa na zauna rubuta wannan shi ne daren da ɗanmu na fari ya dawo daga ƙwallo da idon sawu a kumbure. Ba ya iya taka ƙafar. Muka sa shi a mota, muka isa harabar asibiti, imajansi na gabanmu, maigidana ya kashe mota bai buɗe ƙofa ba.

"Baban Abba, dubi ƙafar nan fa," na ce masa.

"Na gani, Maman Abba. In muka shiga nan, dala dubu biyu ko uku ce, kuma duk a kanmu. In muka kai safe, ƙaramin asibitin kan titi zai ɗauki hoton ƙashin a ɗari uku."

Yaron na kujerar baya yana jin mu. Sai cewa ya yi, "Umma, mu koma gida, zan iya jurewa." Yaro ɗan shekara 13. Muka koma, na ɗaure masa ƙanƙara, ban runtsa ba. Da safe hoto ya nuna targaɗe ne, babu karaya, alhamdu lillahi. To da karaya ce fa? Mu da katin inshora a jaka, muna biya ba fashi, muka zauna a mota muna cinikin ƙafar ɗanmu. Tun 1986 doka ta wajabta wa imajansi su duba duk wanda ya zo ko yana da kuɗi ko babu, amma dokar ba ta hana bil biyo ka gida ba. A Katsina inda na taso, aƙalla za a faɗa maka kuɗin kafin a taɓa ka, ka san inda ka dosa. Nan sai an gama, ka manta, sannan ambulan ɗin takarda su fara shigowa ɗaya bayan ɗaya, na asibiti daban, na likita daban, na mai karanta hoto daban.

Masu goyon bayan babban didaktibul, galibi 'yan jam'iyyar Republican, hujjarsu ita ce idan mutum na biya daga aljihunsa zai taya farashi, ba zai riƙa zuwa asibiti kan kowane atishawa ba, kuma kuɗin wata zai sauka. Suna kuma nuna asusun ajiyar lafiya na HSA, wanda aka kafa a 2003, inda kake tara kuɗin magani ba a cire masa haraji. Dokar da aka yi a Yulin 2025 ma ta buɗe shi ga duk mai Bronze daga 2026. Na fahimci maganar, kuma ga mai rarar kuɗi asusun yana da kyau. Sai dai ajiya sai da abin ajiyewa. Batun taya farashi kuwa, na gwada. Tun 2021 aka umarci asibitoci su wallafa farashinsu, amma da na kira ina tambayar nawa ne gwajin jijiya, sai aka ce in kawo lambar aikin, likita kuma bai ba ni wata lamba ba. Kuma wa ke taya farashi da ƙarfe goman dare yaro na kuka?

'Yan Democrat su kuma tallafin kuɗin wata suka riƙe. A 2021 aka ƙara tallafin, a 2022 aka tsawaita shi zuwa ƙarshen 2025, masu saye a kasuwar suka kai kusan miliyan 24. A kan tsawaita shi ne aka yi ta ja-in-ja har gwamnatin tarayya ta rufe na kwana 43, daga 1 ga Oktoba zuwa 12 ga Nuwamban 2025, rufewa mafi tsawo a tarihin ƙasar har zuwa lokacin, kuma shekara ta ƙare ba a tsawaita ba. Mun ji a jikinmu, namu ya tashi daga 140 zuwa 390 a wata. Ina goyon bayan a dawo da tallafin. Amma abin da ke ba ni haushi shi ne duk faɗan a kan kuɗin wata ake yin sa. Ko da za a ba ni katin nan kyauta, daren harabar asibitin nan ba zai sauya ba. Sanata Bernie Sanders ya daɗe yana cewa a faɗaɗa Medicare, inshorar gwamnati da aka kafa a 1965 don tsofaffi 'yan 65 zuwa sama, ya game kowa. Masu adawa na cewa haraji zai hau, layi zai yi tsawo. Ni abin da nake nema bai ma kai can ba: a fitar da ganin likitan iyali, da magungunan yau da kullum, da gaggawar yara daga ƙarƙashin didaktibul, a sa musu ƙayyadadden kuɗi da kowa ya sani tun kafin ya fito daga gida.

Da farashi ya tashi, wasu cikin mutanenmu sun ajiye inshorar gaba ɗaya, tunda daga 2019 gwamnatin tarayya ta daina cin tarar wanda ba shi da ita. Wani abokin maigidana cewa yake ya dogara ga Allah, in ciwo ya zo zai jira tafiya gida ya ga likita a can. Ban ga laifin mai wannan lissafi ba, amma ban bi shi ba. Wata da muke zuwa masallaci tare an yi wa mijinta tiyatar gaggawa a ciki, ya kwana kwanaki a asibiti, kuɗin ya haura dala dubu hamsin. Bronze gare su irin namu. Abin da ya tsaya a kansu bai wuce iyakar da doka ta sa ba, dala 9,200 ga mutum ɗaya a 2025, suna biya kaɗan-kaɗan. A 2026 iyakar ta koma 10,600. Da babu gara ba daɗi, shi ya sa muka sabunta.

Ga 'yar'uwa ko ɗan'uwan da zai saya: kafin ki kalli Bronze, sa a lissafa miki ko gidanku ya cancanci Medicaid, inshorar gwamnati ta masu ƙaramin ƙarfi, domin jiharmu ta faɗaɗa shi tun 1 ga Disamban 2023, kodayake yawancin manya masu katin zama sai sun cika shekara biyar. In bai yiwu ba, a duba ko kun shiga rangwamen Silver, domin wanda ya shiga, Silver ya fi masa Bronze nesa ba kusa ba. Akwai masu taimakon cike takardu kyauta, ki neme su, ki guji masu kira a waya suna tallar inshora mai arhar banza. Idan bil ya zo, kada ki biya a tsorace. Nemi a warware miki shi dalla-dalla, ki tambayi takardar neman sassauci, asibitocin da ba na riba ba doka ta tilasta musu samun wannan tsari. Mu masu sana'ar hannu kuma mu kula da kuɗin shigar da muke rubutawa, don idan ciniki ya fi abin da aka kintata, lokacin haraji za a nemi rarar tallafin, kuma daga shekarar haraji ta 2026 an cire iyakar abin da za a iya nema.

Hannun nawa likita ya ce ƙaramar tiyata yake so. Lissafin didaktibul yana farawa daga farko duk 1 ga Janairu, abin da na biya bara ya tafi da bara, don haka kusan duk kuɗin aikin a kaina zai faɗo, ga makonnin da zan rufe shago. Na roƙi asibitin su ba ni farashin a rubuce kafin in sa rana, kuma sai na gan shi da idona zan yarda a taɓa ni.