Shefad ko Labrado? Ga yadda nawa biyun suke a gida

Ɗan'uwa, ka ce kana da yara uku, ƙaramin bai kai shekara huɗu ba, ba ka taɓa riƙe kare ba, kuma ka rasa wanne za ka ɗauka tsakanin Jaman Shefad da Labrado. To ni duka biyun ina da su, shekara biyar kenan muna tare. Shefad ɗin namiji ne muna ce masa Dare, Labradon kuwa mace ce sunanta Zuma saboda kalar gashinta. Bari in faɗa maka abin da ido ya gani.

Inda za ka fara gane bambancinsu shi ne in aka ƙwanƙwasa ƙofa. Dare ba ma mai yawan haushi ba ne, tashi yake ya miƙe kunnuwa ya je ya tsaya tsakanina da ƙofar, ya kalli baƙon ya juyo ya kalli fuskata, sai ya ji muryata ta saki sannan zai koma gefe ya kwanta, amma fa idonsa na kan mutumin har ya tashi tafiya. Ita kuwa Zuma wallahi ko ɓarawo ne ya shigo sai ta ɗauko masa takalmi a baki tana murna, ga wutsiyar nan tata mai kauri kamar taɓarya, ban san kofi nawa ta share daga kan tebur ba. Shi mutanen gidan yake gadi, ita hannunka take gadi ko akwai abin ci.

Kuma ba wai ni na koya musu haka ba, a jininsu yake. Shefad wani hafsan sojan doki ne na Jamus, Max von Stephanitz, ya tsaya a kansa tun 1899 yana son karen kiwon tumaki mai jin magana mai juriyar aiki, shi ya sa daga baya 'yan sanda da sojoji suka rungume shi. Har yau in yarana suka watsu a tsakar gida suna guje-guje sai ka ga Dare yana zagaye su, wanda ya yi nisa ya je ya tokare shi da kafaɗa ya maido shi cikin 'yan'uwansa, shi a wurinsa garke ne. Labrado kuma kakanninta karnukan masunta ne a tsibirin Niyufanlan na Kanada, suna shiga ruwan sanyi suna jawo igiya da raga, Turawan Ingila suka kai su can suka mai da su masu ɗauko tsuntsun da maharbi ya harbo, a 1903 ƙungiyar masu karnuka ta Ingila ta amince da su a matsayin jinsi. Aikin kenan, ɗauko ka kawo ba tare da ka tauna ba. Shi ya sa bakinta ba ya zama haka nan, kuma duk inda ta ga ruwa ko na kwata ne sai ta shiga.

Maganar yara kuma, wadda ita ce ta fi damunka. Mutane suna cewa Labrado ba ta da matsala da yara, eh haƙurinta ya fi, ɗana ya sha jan kunnenta ta yi banza da shi. Amma abin da ba a faɗa maka shi ne ita ce ta fi kayar da su. Macen Labrado tana kai kilo 25 zuwa 32, kuma sai ta yi shekara biyu har uku tana hali irin na ɗan kwikwiyo, ta taho a guje don murna ta yi gaba da yaro. Autana sau biyu tana fasa masa leɓe ba da niyya ba. Dare ya fi ta nauyi, namijin Shefad kilo 30 zuwa 40 ne, amma ya san inda yake taka ƙafarsa, bai taɓa ture kowa ba. Matsalarsa daban ce: yaran maƙwabta. In suka zo ana wasan kokawa ɗana ya yi ƙara, shi bai san wasa ake ba, nan da nan zai shiga tsakani yana gurnani ƙasa-ƙasa. Tun ranar da na ga haka, in baƙin yara sun zo sai in kai shi ɗaya ɓangaren in rufe. Kuma ko wanne ka ɗauka kar ka bar ɗan shekara uku shi kaɗai da babban kare, kar yaro ya je wurinsa yana cin abinci ko yana barci, in ka ga yana lasar leɓe yana hamma yana kau da kai to ya gaji ne, a janye yaron.

Ci kuwa, hmm. Dare sai ya shinshina kwano ya tafi ya dawo anjima. Zuma kafin ka miƙe daga sunkuyon ajiye kwanon ta gama, ta zo ta zauna tana maka kallon marainiya kamar ta kwana uku ba ta ci ba. Ta koyi taka fedar kwandon shara da ƙafa ta buɗe, ni da idona na gani. Na daɗe ina cewa kwaɗayi ne kawai, ashe a 2016 masu bincike a jami'ar Kembirij sun gano kusan ɗaya cikin huɗu na Labrado suna da tangarɗa a wata ƙwayar gado da ake kira POMC, wadda ke sa ba sa jin sun ƙoshi. Da yara a gida kuwa kowa na miƙa mata ta ƙarƙashin tebur, ta taɓa kai kilo 38 sai da likitan dabbobi ya yi min faɗa. Yanzu da kofin awo nake ba ta. Ka kuma gargaɗi yara, cakulan da inabi da albasa guba ne ga kare.

Amma wannan kwaɗayin shi ya sa koya mata abu ba wuya, ɗan guntun abin ci a hannu za ta yi duk abin da ka ce. Dare ya fi ta saurin ganewa nesa ba kusa ba, sau uku huɗu ya riƙe, sai dai shi mutum ɗaya yake zaɓa, ni. Matata in ta ce ya zauna sai ya kalle ni tukuna, abin har haushi yake ba ta. Kuma in na yi kwana biyu ban fita da shi ba, ban ba shi wani aikin da zai yi tunani ba, ko ɓoye masa ƙwallo ya nemo da hanci, sai ya fara sintiri a bakin katanga yana kuka yana tona rami. Awa ɗaya zuwa biyu kullum yake so, ba ranar da ka ga dama ba. Zuma ma tana son fita amma in ta yi gudu ta ɗauko ƙwallo sau ashirin shikenan ta baje.

Gashi duka suna zubarwa, na Dare ya fi, sau biyu a shekara kamar ana sheƙa auduga. Lafiya kuma dukansu suna da gadon ciwon ƙugu, don haka ka ce a nuna maka hoton ƙashin iyayen kafin ka karɓa. Shefad ka raba masa abinci sau biyu kar ya yi gudu da ya gama ci, saboda murɗewar ciki tana kashe su cikin awoyi. Labrado kunnenta a rufe yake ga son ruwa, in ba ka share ba sai ya fara wari.

Ni dai da yara ƙanana kuma karon farko, Labrado zan ce ka ɗauka, ka haƙura da ɓarnarta na shekara biyun farko. In gadi kake so kuma ka tabbata kana da lokacin safe da yamma, to Shefad, amma ka san kai zai liƙe wa. Kuma jinsi ba shi ne komai ba, wani abokina nasa Labradon matsoraci ne ko ƙarar babur ya ji sai ya shige ƙarƙashin mota, don an kulle shi yana ƙarami bai ga mutane ba. Daga sati 3 zuwa wajen 14 ne kwikwiyo yake sabawa da duniya. In ka je dubawa ka ce lallai sai ka ga uwar, ka tsaya ka ga yadda za ta karɓe ka, kuma kar ka yarda a ba ka shi kafin ya cika sati 8.