Ofishin kontabul ɗin da ya warware mana lissafin albashin ƙanena a Garwa

Jama'a bari in ba ku labarin wani ƙaramin ofishin kontabul, wato akanta mai lissafin kuɗi, da ke wajen unguwar Rumde Ajiya a Garwa ta ƙasar Kamaru, ɗaki ɗaya ne da kwamfuta biyu da fanka mai ƙara kamar injin niƙa, amma wallahi mutumin ya san aikinsa.

Ƙanena ne ya samu aikin tsaron sito a wani kamfani, an yi magana kan sefa 90,000 a wata, ya fara ranar 12 ga wata. Da wata ya ƙare aka miƙo masa dubu hamsin da 'yan kai, yaro ya dawo gida yana huci wai an cinye masa kuɗi gobe ba zai koma ba. Na ce kai tsaya, ɗauko takardar albashin mu je a duba mana, don ni ma kaina faransancin da ke cikin takardun nan ba ganewa nake ba.

Mun biya 2,000. Malamin ya sa tabarau ya jawo kalkuleta ya ce "ƙanena zauna, ba wanda ya cuce ka." Ya raba 90,000 gida 30, kowace rana 3,000 ke nan, daga 12 zuwa 30 kwana 19, ya kama 57,000. A ciki CNPS, wato hukumar fanshon ma'aikata, ta ɗauki kashi 4.2 cikin ɗari na fansho, wato 2,394, sai 'yan ƙananan haraji. Lissafi ya fito daidai har sisin ƙarshe, yaro ya yi tsit yana sosa ƙeya. Abin da ya burge ni shi ne bai tsaya nan ba, ya ce wa yaron ya je ya tabbatar an yi masa rajista a CNPS an ba shi lambarsa, don akwai masu gidan da suke yanke kuɗin a takarda amma ba sa kaiwa, sai tsufa ya zo mutum ya tarar babu komai.

Sai maganar hutu, don shi gogan naka har ya shirya tafiya Marwa sati biyu bayan Babbar Sallah, wata uku da fara aiki fa! Malam ya yi dariya ya ce dokar aiki ta 1992 ta ba ma'aikaci kwana ɗaya da rabi a kowane wata da ya yi aiki, shekara ta cika ya zama kwana 18 na aiki ban da Lahadi, amma ba ka da ikon ɗauka sai ka cika shekara ɗaya cur, kafin nan tara maka ake yi kamar adashi. Kuɗin hutun kuma ana haɗa duk abin da ka samu a shekarar a raba gida 16, shi nasa in wata 12 cikakku ne 1,080,000 ke nan, zai karɓi 67,500. In kuma ya bar aikin kafin shekara kwanakin da ya tara ba su bi ruwa ba, kuɗinsu za a ba shi. Rasuwa ko suna ko aure a gida wannan izini ne daban, har kwana 10 a shekara ba a cirewa daga hutu, ni wannan ban taɓa ji ba sam.

Inda ban ji daɗi ba shi ne jira. Mun zo ƙarfe 9 sai wajen 11 muka gan shi, benci ɗaya ne a waje ga ranar Garwa kun santa, kuma wayarsa in ka kira sau biyar da ƙyar ya ɗaga ɗaya. Bayaninsa da Hausa da Fulatanci tiryan-tiryan, amma abin da ya rubuto mana a takarda duk faransanci ne, sai da na sa ƙanena ya sake rubutawa a bayanta.

In za ku je ku guji ƙarshen wata, lokacin 'yan kasuwa ke cika wurin da takardun ma'aikatansu, kuma ku tafi da kwantiraginku, mu mun manta sai da yaro ya hau babur ya koma gida ɗaukowa.