Kumburin gwiwa da cizon kaska: yadda ake yi da cutar Lyme a Amurka, da abin da ya shafe ku a gida

'Yan'uwa na gida, assalamu alaikum. Da fatan kuna lafiya tare da iyali.

Akwai wata cuta a nan arewa maso gabashin Amurka da ya kamata ku sani, saboda yaranmu da aka haifa a nan suna zuwa muku hutu, kuma yakan faru sai sun sauka Kano ko Damagaram sannan ta bayyana. Ana kiranta cutar Lyme. Kaska ce ke kawo ta, kuma alamarta da ta fi rikita iyaye ita ce gwiwa ɗaya ta kumbura suntum alhali yaro bai faɗi ba, bai bugu ba.

An fara gano ta a 1975 a garin Lyme da ƙauyukan da ke kusa da shi a jihar Connecticut, inda aka ga yara masu yawa da kumburin gaɓoɓi a unguwanni 'yan kaɗan. Likita Allen Steere na jami'ar Yale ya bi diddigin abin, a 1982 kuma Willy Burgdorfer ya bayyana ƙwayar bakteriyar da ke haddasa ta, aka sa mata suna Borrelia burgdorferi. Hukumar CDC mai yaƙi da cututtuka a Amurka ta ƙiyasta cewa ana yi wa kimanin mutum 476,000 maganinta a kowace shekara. Ta fi yawa daga jihar Maine zuwa Virginia, sai Wisconsin da Minnesota. Wato New York, New Jersey, Pennsylvania da Maryland, inda mutanenmu suka fi zama, duk suna ciki. A tsakiyar birni haɗarin kaɗan ne. Inda ake ɗauko ta shi ne wuraren shaƙatawa masu ciyawa da busassun ganye, da sansanin hutu da makarantu ke kai yara.

Kaskar ba irin wadda kuka sani a jikin shanu da karnuka ba ce. Babbarta ba ta wuce ƙwayar riɗi ba, ƙaramarta kuwa, wadda ta fi harba cutar tsakanin Mayu da Yuli, ɗigo ce kawai a fata, kuma cizonta ba zafi. Tana tsotso ƙwayar daga ɓerayen daji, barewar ƙasar nan kuma ke ciyar da manyanta. Sai ta manne a jiki fiye da kwana ɗaya, galibi sa'o'i 36 zuwa 48, kafin ƙwayar ta shiga jini. Ba ta zaune a ƙasashenmu, yankuna masu sanyi take so: Amurka, Kanada, Turai da wasu sassan Asiya. Cutar ba ta tsallakawa daga mutum zuwa mutum, don haka yaron da ya zo da ita ya ci, ya kwana tare da 'yan'uwansa ba wani tsoro.

Alamar farko jan tabo ne a wurin cizon, yakan fito tsakanin kwana 3 zuwa 30, yana faɗaɗa kullum har ya kai santimita 30 a wasu. Ba ya cika ƙaiƙayi ko zafi. Mutum 7 zuwa 8 cikin 10 da suka kamu suna yinsa. To a nan ne fatarmu ke ɓoye abin. Hotunan da ke littattafan likitoci da allunan asibiti kusan duk na fararen fata ne, ja jawur. A baƙar fata tabon duhu ne kamar wurin da aka bugu, ko a ɗauke shi makero a shafa mai a wuce. Binciken da aka yi a nan ya nuna baƙaƙen fata sun fi zuwa asibiti bayan cutar ta yi nisa. Idan ba a yi magani ba, kusan 6 cikin 10 kan samu kumburin gaɓa, galibi bayan wata shida, wani lokaci har shekara biyu. Ku lissafa: cizo a watan Yuni, gwiwa ta kumbura a hutun Disamba, yaro yana gidan kakarsa, babu wanda ya ma tuna da wata ciyawa.

Kumburin yana da kamanninsa. Gwiwa ce ya fi kamawa, ɗaya, ko da yake yakan taɓa idon sawu, kafaɗa ko gwiwar hannu. Ruwa ne ke taruwa da yawa, wurin ya yi ɗumi, lanƙwasawa ta yi wuya, amma zafin bai kai girman kumburin ba. Sau da yawa yaro yana takawa, yana ɗingishi kaɗan, zazzaɓi babu ko ɗan kaɗan. Yakan sace da kansa bayan makonni, a ce an warke, sai ya dawo. Wani lokaci ruwan kan taru a bayan gwiwa ya fashe zuwa sha-raɓa, ƙafar ta kumbura. Ciwon gwiwa kawai, ba kumburi, musamman a dattijo da ya daɗe yana fama da sanyin ƙashi, ba kasafai yake zama Lyme ba.

Wanda ba a jira da shi daban ne. Gwiwa ta yi zafi rau, zazzaɓi ya hau, yaro ya ƙi taka ƙafar sam, yana ihu idan an motsa ta: wannan a ɗauka mugunya ce a cikin gaɓa har sai an tabbatar ba ita ba ce, kuma tana iya cinye guringuntsi cikin kwanaki. A tafi asibiti a ranar. Ga mai sikila abin ya fi gaggawa. Likitan gida kuma zai yi tunanin tarin fuka na gaɓa, da ciwon gaɓoɓi da ke biyo bayan ciwon maƙogwaro, kuma daidai ne ya yi, don su ne a gabansa kullum.

A wajen bincike, nan sun fi mu nesa ba kusa ba. Likitan yara a Pennsylvania da ya ga kumburarriyar gwiwa, gwajin Lyme na cikin abin da zai fara rubutawa. Gwajin jini ne mai hawa biyu, yana neman sinadarin garkuwar da jiki ya yi wa ƙwayar. Idan na farko ya nuna akwai, ko ya tsaya a tsakiya, sai a tabbatar da na biyu. Ana ɗiban jinin a asibiti ko a shagunan gwaji irin Quest da Labcorp, sakamako ya shigo wayar mutum cikin 'yan kwanaki. A makonnin farko, lokacin tabo, gwajin kan nuna babu alhali akwai, shi ya sa ake ba da magani da ganin tabon kawai. Amma idan cuta ta kai gwiwa, nau'in garkuwar da ake kira IgG kusan kullum yana fitowa. In bai fito ba, a nemi wani dalili. Ɗayan nau'in garkuwar, IgM, shi kaɗai a mutumin da ya wuce wata ɗaya da ciwo ba hujja ba ce, kuma nan ne ake yawan yin kuskure har a nan ɗin. Tunjere da wasu cututtuka na iya sa gwajin farko ya nuna ƙarya. Garkuwar kuma tana zama a jini shekaru bayan warkewa, saboda haka maimaita gwaji don a ga ko an warke ɓarnar kuɗi ce.

Idan ana shakka, sai a zuƙe ruwan gwiwar da sirinji. A Lyme fararen ƙwayoyin jini a ruwan galibi 10,000 zuwa 25,000 ne a kowace mikrolita, amma adadin kan haura har ya yi kama da na mugunya. Abin lura ga likitocinmu na gida: ƙwayar Lyme ba ta tsirowa a shukar da ake yi wa ruwa a ɗakin gwaji na yau da kullum. Takarda ta dawo cewa ba abin da ya tsiro, wannan bai wanke Lyme ba. Zuƙe ruwa da duba shi, manyan asibitocinmu irin Asibitin Ƙashi na Dala suna yi. Gwajin jinin Lyme ne ba ya cikin gwaje-gwajen da aka saba, kuma ba abin mamaki ba ne tunda cutar ba ta ƙasar.

Maganin kuwa, duk yana nan a kemis ɗin unguwarku. Ga babba mai kumburin gwiwa: doxycycline miligiram 100 sau biyu a rana, kwana 28. Ko amoxicillin miligiram 500 sau uku a rana, ko cefuroxime miligiram 500 sau biyu, su ma kwana 28. Masu juna biyu da yaran da ba su kai shekara 8 ba, amoxicillin aka fi ba su. Na yara ana auna shi da nauyi, miligiram 50 ga kowane kilo a rana, a raba uku, kada sha ɗaya ya wuce 500. A lokacin tabo kwana 10 zuwa 14 sun isa. Bambancin shi ne a nan ba mai sayar maka da ko ƙwaya ɗaya sai da takardar likita. Sabon zuwa kan ji haushin wannan, amma a ganina su ne da gaskiya. A gida ana sayen na kwana biyar, kumburi ya ɗan sace, a ajiye, kuma kwana biyar ba sa kashe wannan ƙwayar a cikin gaɓa.

Doxycycline yana da sharuɗɗa. A sha shi da cikakken kofin ruwa, a zaune, kada a kwanta sai bayan aƙalla rabin awa, in ba haka ba yana maƙalewa ya ƙone hanyar abinci. A raba shi da nono, madara, maganin ƙarin jini da farin ruwan maganin gyambon ciki da sa'o'i biyu zuwa uku, domin suna ɗaure shi a hanji ya fita bai yi aiki ba. Mai shan fura da nono da rana ya lura da wannan. Yana kuma sa rana ta fi cin fata.

Kumburin ba ya tafiya rana ɗaya, yakan ɗauki makonni bayan an gama magani. Idan ya ragu amma bai ƙare ba, likita na iya ƙara wasu kwana 28. Idan bai motsa ba, sai allurar ceftriaxone ta jijiya, giram 2 kullum ga babba, mako biyu zuwa huɗu. Kusan mutum 1 cikin 10 gwiwarsu kan ci gaba da kumbura bayan wannan duka. A lokacin ƙwayar ta mutu, garkuwar jiki ce ta ƙi lafawa, kuma ƙarin maganin kashe ƙwayoyi ba ya amfani. Likitan gaɓoɓi ne ke karɓar aikin da magunguna irin su methotrexate. Abin da nake roƙonku a kai shi ne kada a yi wa gwiwar allurar steroid, wato mai rage kumburi, kafin a fara maganin ƙwayar, don tana iya sa ciwon ya daɗe. Kada a kai wa mai ɗori ya ja, ba targaɗe ba ne. Ƙaho da tsaga kuma ƙofa suke buɗe wa mugunya a gaɓar da ta riga ta cika da ruwa.

Kada ku ɗauka komai a nan sauƙi ne. A gida mai kuɗi a hannu yana ganin likitan ƙashi yau. A nan likitan gaɓoɓi sai an tura ka, kuma a ba ka rana bayan makonni. Ɗakin gaggawa, bisa dokar 1986, dole su duba ka ko ba ka da sisi, amma takardar kuɗi na biyo ka gida, kuma ga marar inshora tana iya kai dubban daloli. Ko mai inshora, akwai kason da sai ya biya daga aljihunsa kafin kamfani ya fara biya. Ƙwayar maganin ita ce mafi arha a cikin lissafin. Masu ƙaramin ƙarfi su nemi Medicaid, wato inshorar lafiya ta gwamnati, ko asibitocin unguwa da ke rage kuɗi gwargwadon albashi. A jihar New York shirin inshorar lafiyar yara mai suna Child Health Plus yana ɗaukar yara ko iyayensu ba su da takardun zama. 'Yan'uwanmu na Ingila ba sa biyan kuɗin ganin likita, sai ɗan kuɗin magani, kuma su ma akwai cutar, a Jamus ma haka, sai dai irin ƙwayar Turai ta fi taɓa jijiyoyi da fata fiye da gwiwa.

Kayan kariya kuwa cike suke a kantuna ba sai da takarda ba. Na shafawa a fata shi ne maganin korar ƙwari mai sinadarin DEET kashi 20 zuwa 30, ko picaridin kashi 20. Na tufafi shi ne permethrin kashi 0.5, a fesa wa wando, safa da takalmi a waje, a bari ya bushe, yana jure wanki kusan shida, ba a sa shi a fata. An dawo daga ciyawa, a yi wanka cikin sa'o'i biyu, a jefa busassun kaya a injin busarwa da zafi sosai minti 10, a duba yaro a hammata, bayan kunne, cikin gashi, cibiya, matse-matsi da bayan gwiwa. 'Yan mata masu kitso a bi layi-layi. In an ga kaska, a kama ta da hantsaki mai siririn baki dab da fata, a ja sama a hankali ba murɗawa, a wanke wurin da sabulu. Dabarar kananzir, basilin ko ashana ɓata lokaci ce, kaskar tana nan manne tana tsotso. Idan ta ƙoshi, alamar ta kai sa'o'i 36, likita kan ba da doxycycline sau ɗaya tak, miligiram 200 ga babba, muddin ba a wuce sa'o'i 72 da cire ta ba. Akwai rigakafin karnuka. Na mutane an fitar da shi a 1998, kamfanin ya janye shi a 2002.

Iyayen da ke nan, kafin ku tura yara hutu, ku rubuta wa wanda zai riƙe su jihar da suke zaune, da ko an taɓa cire musu kaska da watan da aka cire. Ku kuma na gida, idan gwiwar baƙonku ta kumbura, ku gaya wa likita inda ya fito cikin shekaru biyun da suka wuce tun kafin ya tambaya. In ya zuƙe ruwa ya kawar da mugunya da tarin fuka, sai a kira likitan yaron na nan a waya, su biyun su yanke ko a fara maganin kwana 28 a gida ko a dawo da shi a yi gwajin jini tukuna.